Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Masarautar Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu: A Tsara Mana Kundin Gidajen Sarauta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa masarauta kwarjini. Bayan gaisuwa da ban girma irin wadda ta kamaci talaka ga shugabanninsa, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in roƙi abu guda, wato a zauna a tsara tabbataccen kundi na sarautun gado na ƙasar Kano, wanda zai nuna kowace sarauta da gidan da ke riƙe da ita, da jerin waɗanda aka naɗa a kanta tun daga farko, da lokutan da ta bar wani gida ta koma wani. Na haɗa Majalisa da Hukuma a wasiƙa ɗaya saboda a fada ne ake da dattawan da suka gaji zancen daga bakin iyayensu, a Gidan Ɗan Hausa kuma ake da takardu da ma'aikatan da suka san yadda ake tantance su. Ina kuma so in bayyana tun da wuri cewa babu ruwan wannan roƙo da taƙaddamar da ake yi a kan karagar mulki, domin kundin da nake magana a kansa zai amfani masarauta ko da wane ne yake zaune a Gidan Rumfa.

Abin da ya sa aikin ya zama na gaggawa shi ne sauyin da ya sami yadda muke amsa suna. A da Bakano ba shi da abin da takardun hukuma suke kira sunan iyali. Ana kiran mutum da sunansa na yanka ko da laƙabinsa, a jingina shi ga mahaifinsa ko unguwarsu ko sana'arsa, wanda kuma yake son sanin asalinsa sai ya tambayi daga wane gida ya fito. Makarantar boko ce ta fara tilasta wa yara suna na biyu a cikin rajista, shi ya sa manyan mutanenmu da yawa suka tashi da sunayen garuruwa. Malam Aminu Kano daga Gyanawa ya fito, zuriyar da aka sani da malanta da alƙalanci, amma sunan gari ya ɗauka, alhali marigayi Alhaji Inuwa Wada, Magajin Garin Kano, wanda suke zuriya ɗaya da shi, da wani suna dabam duniya ta san shi. A yau kuwa katin ɗan ƙasa da asusun banki da fasfo da takardar jarrabawa duk suna neman suna ɗaya wanda ba ya canjawa, wanda uba zai miƙa wa ɗa, ɗa ya miƙa wa jika. Ta haka ne Galadima da Madaki da Makama da Ciroma da Turaki da Wali suka zama sunayen iyali a kan takarda. Wanda kakansa ya yi Madakin wani dagaci a ƙauye yana rubuta Madaki, jikan Madakin Kano ma yana rubuta Madaki, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sai dai idan aka ƙara shekaru, dattawan da za su iya rarrabe su suka ƙare, jikokin na farkon za su iya gaskata da zuciya ɗaya cewa suna da gado a unguwar Yola, inda gidan Madakin Kano yake, kuma babu takardar da za a buɗe a nuna musu cewa kama da wane ba ta wane.

Wannan ruɗani na suna ba sabon abu ba ne a tarihinmu, sai dai a da akwai masu warware shi. A lokacin da Sulaimanu, Sarkin Kano na farko bayan jihadi, ya rasu a 1819, manyan mutane biyu ne masu amsa sunan Dabo a cikin jagororin Fulanin Kano. Akwai Ibrahim Dabo na Sulluɓawa, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa sarauta, ya yi mulki har 1846, akwai kuma Malam Dabon Dambazau, wanda shi ma yana cikin waɗanda aka yi wa zaton kujerar, kuma zuriyarsa ce take riƙe da sarautar Sarkin Bai har yau. Na daɗe ina koyar da tarihi a makarantun sakandare na cikin birni, kuma kusan kowace shekara sai an sami ɗalibin da ya haɗe mutanen nan biyu ya mai da su mutum ɗaya, ya rubuta cewa Dabo ya yi Sarkin Bai kafin ya zama Sarkin Kano. Yanzu irin wannan kuskure ya bar takardar jarrabawa ya koma shafukan Facebook, inda ake kwafarsa ana yaɗawa da hoton wani basarake a kai, ba mai gyarawa.

Hatta sunan zuriya, wanda ya fi sunan mutum ɗaya ƙarfi, ba ya isa hujjar gado. Sulluɓawa ne suke sarautar Kano tun daga Ibrahim Dabo, Sulluɓawa ne suke sarautar Katsina tun da aka naɗa Muhammadu Dikko a 1906 bayan Dallazawa, kuma Sulluɓawa suna cikin gidaje huɗu na sarautar Zazzau tare da Mallawa da Barebari da Katsinawa. Duk da haka ba a taɓa jin Basulluɓen Katsina ya nemi kujerar Kano da hujjar sunan zuriya ba. A cikin Kano kanta ma Sulluɓawa ba gida ɗaya ba ne, domin gidan Malam Jamo, yayan Ibrahim Dabo, wanda ya riƙe tutar jihadi, shi ake danganta wa sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma matsayinsa na masu zaɓen sarki ne, ba na masu hawa karaga ba. Bambanci irin wannan kowane dattijo a fada ya san shi kamar yunwar cikinsa, amma matashin da ya tashi a Hotoro ko Rijiyar Zaki ba shi da inda zai karanta shi a tsare.

Akwai kuma wata gaskiya da nake roƙon kada kundin ya kauce mata, ita ce cewa sarautun da muke kira na gado sun girmi gidajen da ke riƙe da su nesa ba kusa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Galadima Dawuda a zamanin Abdullahi Burja, tun a ƙarni na 15, ya kuma ambaci Wambai Giwa a zamanin Muhammadu Nazaki. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar da ake kira Tara ta Kano, kuma littafin ya faɗa ƙarara cewa shi ya fara ba babanni muƙaman mulki, ya lissafa Ma'aji da Sarkin Bai a cikinsu. Ke nan sarautar da a yau take ɗaya daga cikin mafiya ƙarfin gado a Kano ta faro ne a hannun mutanen da aka zaɓa musamman domin ba za su bar magaji ba. Jihadi ne ya sauya wannan tsari. Bayan an kori Muhammadu Alwali, sarkin Kutumbawa na ƙarshe, aka kashe shi a Burumburum a 1807, sai Sulaimanu na Munduɓawa ya yi shugabanci irin na malamai, ba tare da ya rungumi tsarin fadar Haɓe gaba ɗaya ba. Ibrahim Dabo ne, da ya fuskanci tawaye ta kowace kusurwa, ya nemi izinin Sakkwato ya farfaɗo da tsofaffin sarautu, kuma daga wannan zamani ne rabon ya zauna a kan manyan gidajen da suka yi jihadi, Madaki ga Yolawa zuriyar su Malam Jibir, Makama ga Joɓawa zuriyar Malam Bakatsine, Sarkin Bai ga Dambazawa, Sarkin Dawaki Mai Tuta ga gidan Jamo. Faɗin wannan ba ya rage wa kowane gida daraja. Shekara ɗari biyu a kan sarauta ɗaya ba ƙaramin abu ba ne, kuma gidan da ya san ranar da ya karɓi rawaninsa da dalilin da ya sa aka ba shi ya fi ƙarfin hujja a kan wanda ke cewa tun fil'azal abin nasu ne.

Bayan Dabo ma jerin bai tafi a miƙe ba, kuma a nan ne aikin yake da wuya. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ɗan Dabo ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, sai 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi, sarkin da Bello ya gada, suka fice zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu, aka shiga yaƙin basasa. Yusufu ya rasu kafin a ci birni, Aliyu Babba ya gaje shi a jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a shekarar da ta biyo. Basasar nan ta ratsa gidajen sarauta ta tsakiya, an sami Tukurawa da Yusufawa a cikin zuriya ɗaya, wanda ɓangarensa ya faɗi ya rasa rawani da gida da gona, ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren ya hau. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi, aka naɗa Wambai Abbas sarki. Su kuma Turawa suka fitar da hakimai daga birni suka zaunar da su a gundumomi, abin da ya ɗaure wasu sarautu da wasu garuruwa, har ya zama idan an ce Madaki sai a tuna Dawakin Tofa, Makama a tuna Wudil, Sarkin Bai a tuna Dambatta. A 1908 ma Razdan Cargill ya ɗaga Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ba shi Waziri, kafin a warware naɗin ba da jimawa ba. Duk wanda ya tsara jerin Waziran Kano ya tsallake wannan suna domin bai yi masa daɗi ba, to ya tsara abin da yake so ne, ba abin da ya faru ba.

Saboda haka ina ganin wajibi ne kundin ya fayyace irin kowace sarauta, domin jama'a sun ɗauka duk rawani ɗaya ne. Sarautun 'ya'yan sarki, irin su Galadima da Wambai da Ciroma da Turaki da Ɗan Maje da Ɗan Buran, gadon zuriyar Dabo ne a dunƙule, amma ba gadon ɗaki ɗaya ba ne, ana hawa daga wannan zuwa waccan. Tukur da Muhammadu Inuwa daga Galadima suka zama sarki, Abdullahi Bayero da Muhammadu Sanusi na ɗaya daga Ciroma, Abbas daga Wambai, Muhammadu Sanusi na biyu daga Ɗan Maje, shi kuwa Ado Bayero, wanda ya yi shekara 51 a kan karaga daga 1963 zuwa 2014, yana jakadan Nijeriya a Senegal aka kira shi. Don haka wanda ke amsa sunan Ciroma saboda kakansa ya riƙe ta na wasu shekaru ba shi da wani haƙƙi na musamman a kan wannan sarauta fiye da sauran jikokin Dabo. Sarautun karramawa kuma, irin Ɗan Masanin da marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe har rasuwarsa a 2017, kyauta ce ta sarki ga mutum saboda abin da ya yi, kuma ya kamata a rubuta haka a fili, domin a zamanin nan da naɗe-naɗe suka yawaita, 'ya'yan wanda aka karrama sukan wayi gari suna ganin an ƙwace musu gado idan aka ba wani.

Sai kuma gidajen da aka saba mantawa da su idan ana lissafi. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, manyan bayin sarki, sun riƙe fada da makamai da dawakai da sirrin sarki a ƙarni na 19, kuma babu wanda zai fahimci yadda aka yi mulkin Kano bai san su ba. Sharifai suna da shugabancinsu da ake dangantawa da Sidi Fari tun zamanin zuwan Shehu Magili a mulkin Rumfa, Madabo tana da gadon malanta na Wangarawa, maƙera da mahauta da marina da wanzamai kowannensu yana da sarkinsa da gidan da aka san shi da abin. A wajen ganuwa kuma akwai Rano da Gaya da Ƙaraye, waɗanda sarautunsu suka daɗe ƙwarai, aka ɗaga darajarsu a 1981 zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka soke a 1983, aka sake ƙirƙiro masarautu a 2019 tare da Bichi, aka kuma rushe dokar a 2024. A kowane juyi an yi naɗe-naɗe, an sami masu amsa sarauta iri ɗaya a fadoji dabam-dabam, kuma 'ya'yansu za su ɗauki waɗannan sunaye su shiga da su makaranta. Haka nan Dutse da Ringim da Birnin Kudu da Jahun, waɗanda suka koma Jihar Jigawa a 1991, rabin tarihin gidajensu a Kano yake.

Na taɓa zama a zauren wani dattijo a cikin birni, jikan wani hakimi, ya aika aka ɗauko masa gafaka daga cikin gida. Ya zaro wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, an rubuta ta da ajami da tawadar allo, sunaye ne a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da adadin shekarun da ya yi a gefensa, babu shekarar hawa babu ta sauka. Gara ta cinye kusurwar ƙasa, ta tafi da suna ɗaya da rabin wani. Ya ɗora yatsa a wurin ya faɗi sunayen da ka, sannan ya ƙara da cewa tsakanin na huɗu da na biyar akwai wani da ba a rubuta ba, domin a basasa ya hau, kuma ba ɗan ɗakinsu ba ne. Da na tambaye shi ko 'ya'yansa sun san wannan, sai ya ce babu mai karanta ajami a cikinsu, kuma ba su taɓa tambaya ba. Irin wannan takarda tana nan a gidaje da yawa a Yola da Wudilawa da Dambazau da Daneji da Kurawa, kuma abin da ke kan takardar bai kai abin da ke cikin kan mai riƙe da ita ba. A ranar hawan Daushe ma, idan mutum ya kasa kunne ga maroƙa da 'yan kirari sa'ad da tawagar kowane hakimi take wucewa, zai ji ana jero kakanni ɗaya bayan ɗaya, sai dai maroƙi aikinsa yabo ne, yana tsallake wanda aka tuɓe, yana kuma iya ƙara wa mai kyauta kakan da ba nasa ba.

Marigayi Sarkin Bai Alhaji Mukhtar Adnan ya riƙe sarautarsa daga 1954 har zuwa rasuwarsa a 2021, ya zauna a majalisar sarakuna da dama, yana cikin waɗanda suka zaɓi Ado Bayero a 1963, yana kuma cikin masu zaɓe a 2014. Mutum irin wannan idan ya tafi, ya tafi da bayanin da babu shi a kowace ma'ajiya. Sauran tsararrakinsa da suka rage a gidajen sarauta da cikin bayin sarki da tsofaffin jakadu mata ba su da yawa, kuma su ya kamata a fara zuwa wurinsu kafin a buɗe kowane fayil.

Na san abin da za a ce, cewa tono irin wannan zai ta da ƙurar da ta kwanta, ya buɗe rigingimun gado, ya kuma kunyata waɗanda ba sa son a ambaci asalin bauta ko tuɓewar kakansu. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Amma rigingimun ba su kwanta ba, suna zuwa kotu, suna fitowa a rediyo, kuma a 2019 mun ga masu zaɓen sarki da kansu sun garzaya gaban alƙali suna kafa hujja da tarihin gidajensu. Idan masarauta ba ta da rubutaccen bayani da ta amince da shi, to lauyoyi da 'yan siyasa da masu rubutu a intanet ne za su rubuta mata. Hanyar kauce wa fitina ita ce kada kundin ya zama hukunci. Inda gidaje biyu suka saɓa a kan wani suna ko wani zamani, a kawo ruwayoyin biyu a ajiye su gefe da gefe, a faɗi daga bakin wa aka ji kowacce. A kuma rubuta a shafin farko cewa kundin ba ya ba kowa sarauta, ba ya hana kowa, domin naɗi yana hannun sarki da majalisarsa kamar yadda aka gada.

Ina kuma roƙon kada a bar iyaye mata a baya, domin sunan iyali na zamani ta wajen uba kaɗai yake bi, yana shafe rabin asalin mutum. Marubucin Tarihin Kano ya fi mu kula a nan, tun da kusan kowane sarki ya ambata sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Mace mai suna Shekara ce ta haifi Usman da Abdullahi 'ya'yan Dabo, Aliyu Babba kuma jikan Sarkin Musulmi Aliyu Babba ne ta wajen uwa, abin da ya ƙara masa nauyi a idon Yusufawa da Sakkwato. Auratayya tsakanin gidan sarki da gidajen Madaki da Makama da Sarkin Bai da malamai da attajirai ita ce ta bayyana naɗe-naɗe da yawa waɗanda ba za a gane dalilinsu ba idan layin maza kaɗai aka bi.

Kayan aikin suna nan. Akwai littafin Alƙali Muhammadu Zangi a kan jihadin Kano, akwai bayanan gundumomi da jami'an mulkin mallaka suka rubuta da jerin hakimai a cikinsu, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, akwai kundayen digiri da ɗalibai suka rubuta a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello a kan gidaje ɗai-ɗai, suna kwance a kan kanta ba mai dubawa. Abin da ya rage shi ne umarni daga sama, domin babu gidan sarautar da zai buɗe gafakarsa ga baƙon ɗalibi, amma idan takarda ta fito daga fada kowa zai kawo tasa. Ina ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da wakilin kowane gida da malaman tarihi da masu karanta ajami da Larabci, a fara da gidaje huɗu na masu zaɓen sarki, a ɗauki hoton kowace takarda a mayar wa masu ita da asalinta, a naɗi muryar dattawa da izininsu. Idan an kammala kashin farko, a buga shi da Hausa kafin kowane harshe, a ajiye kwafi a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da ɗakunan karatu na makarantu, sannan a ɗora shi a intanet inda matasa za su same shi, a kuma bar ƙofa a buɗe ga duk gidan da ke da gyara ya kawo hujjarsa kafin bugu na biyu.

Allah ya taimaki iyayen ƙasa, ya ba ku lafiya da tsawon rai. Idan na yi kuskuren lafazi a gaban manya, ina neman afuwa.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani malamin tarihi mai ritaya,
Cikin birnin Kano.